Husaini Ake Fara Dubawa

Ɗaliban da suke zuwa ƙofar gidana a nan Tudun Wada da kwamfuta a hammata, su suka sa na ɗauki biro. Makon jiya wani ya zauna a kan bencina, ya buɗe tasa, ya danna nan ya danna can, kafin shayin da aka kawo masa ya huce ya ce mini ya gama lissafin cibiyoyi masu nauyin gaske, ya san wadda za ta ɓalle dunƙule da wadda ba za ta ɓalle ba. Na ce masa, "Ka taɓa ganin dunƙulen?" Ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, ai ba a ganinsa." Na ce, "Ana ganin sawunsa. Neman sawun nan shi ne aikin da na tsufa a ciki." Domin shi da ire-irensa nake wannan rubutu. Ba ni da digiri. Sakandare na gama, sai kwas ɗin aikin ɗakin gwaji. Zan faɗi abin a jere yadda ya zo, domin ban iya tsallake ba.

Da farko, abin da ake nema. Kowace ƙwayar zarra tana da cibiya. Cibiyar da ta cika nauyi ba ta zama lafiya, sai ta riƙa rage kaya. Yawanci ɗan ƙaramin gutsure take jefarwa, wanda ake kira alfa. Wani lokaci kuma ta tsage gida biyu. Akwai hanya ta uku a tsakani, wato ta ɓalle dunƙule guda wanda ya fi alfa girma nesa ba kusa ba, amma bai kai rabinta ba. Wannan ba kasafai yake faruwa ba. Dakta Habibu, malamin jami'ar da na fi daɗewa ina yi wa aiki, yakan ce kamar ka zauna ne a gindin mangwaro kana kallon ganye yana zuba shekara da shekaru, kana jiran ranar da reshe guda zai faɗo, ba iska ba ruwa. Su kuwa cibiyoyi masu nauyin gaske da yaran nan suke lissafawa, ba a haƙo su a ƙasa. A manyan injuna ake haɗa su a ƙasashen waje, ɗaya bayan ɗaya, kuma yawancinsu kafin ka ƙifta ido sun mutu. Lissafi ya ce wai a wasu daga cikinsu reshen zai riƙa faɗowa kamar ganye. To, wa ya gani? Dakta yakan ce lissafin da ba a gwada shi a kan abin da hannu yake iya riƙewa ba, bai kamata a aika shi inda ido bai kai ba. Shi ya sa muka zauna gadin toriyom, wani ƙarfe wanda cibiyarsa take da nauyi amma ana samunsa a ƙasa, kuma ba ya saurin mutuwa.

Aikina na farko a ɗakin gwaji wankin kwalabe ne. Wanda ya koya mini sana'a shi ne Baba Ayuba, mutumin Wusasa, Kirista ne, dogo, kullum cikin farar riga da biro uku a aljihu, baƙi da shuɗi da ja. Wata shida na yi ina wanki bai bar ni na taɓa madubi ba, wato maikiroskof. Idan na gama wanke kwalba sai ya zuba mata tataccen ruwa, ya juye, ya ɗaga ta saitin taga. In ruwan ya gangara ya bar fuskarta sumul, ya ajiye. In ya ga ɗigo ya maƙale, ya miƙo mini. "Sa'idu, ba ni na ce ba. Ruwa ne ya ce ba ka wanke ba." Wata rana na gaji na ce, "Baba, ni fa ba wanke-wanke na zo koyo ba." Ya ce, "To me ka zo koyo?" Na ce kimiyya. Ya ce, "Tana cikin kwalbar. Ka ci gaba da gogewa, za ta fito."

Bayan wanki sai yanka. Abin da muke kama sawu da shi falle ne na roba, garau kamar gilashi, mai kauri kaɗan. Duk gutsuren da ya fito daga cibiya ya shige shi, yakan bar masa rauni, amma rauni ne da ko madubi ba ya gani. Sai an dafa fallen a ruwan soda, irin wadda masu sabulu suke amfani da ita amma tatacciya, sodar ta ci wurin raunin ta buɗe shi ya zama ɗan rami. Wannan rami shi ne sawu. Ana yanka fallen da reza sabuwa a kan takarda mai tsabta, ba a taɓa fuskarsa da yatsa, da hantsaki ake ɗauka, ta gefe. Kuma ba a taɓa yanka ɗaya. Biyu ake yankawa daga wuri guda. Baba Ayuba shi ya sa musu suna Hassan da Husaini. Hassan ana yi masa tsaga ɗaya a kusurwa, shi ake ɗorawa a kan abin da ake gwadawa. Husaini tsaga biyu, shi kuma ana ajiye shi a akwati guda da ɗan'uwansa, iska ɗaya, zafi ɗaya, kwana ɗaya, sai dai ba ya ganin abin gwajin. Tare ake dafa su, tare ake shanya su. Duk abin da ka gani a jikin Hassan kuma ka gan shi a jikin Husaini, to ba daga abin gwajinka ya fito ba.

Ranar da ya fara zaunar da ni gaban madubi, na miƙa hantsaki zan ɗauki Hassan, sai ya buge mini hannu da jan biro.

"Husaini ake fara dubawa."

Na ce, "Baba, ai Hassan ne babba. Kuma shi ne yake da labari."

Ya ce, "Shi ya sa. In ka fara da mai labari, idonka zai ƙoshi da murna, ka zo kan ɗan'uwansa kana hamma. Ka fara da wanda ba ka son ganin komai a jikinsa, tun idonka yana da yunwa."

Kayan aikinmu ba su da yawa. Reza, hantsaki, safar hannu, ma'aunin zafi mai kama da sanda, tukunyar lantarki mai riƙe ruwa a zafi ɗaya, madubi, sai ɗan abin ƙirga na ƙarfe da ake riƙewa a tafi, muna ce masa kanta, in ka danna ya yi ƙas, lamba ta ƙaru. Sai kundi, babban littafi mai baƙin bango. Kowane shafi an raba shi biyu da jan layi, hagu Husaini, dama Hassan, a ƙasa mai dubawa ya sa hannu. Duba falle kamar huɗar gona ne. Ka fara daga kusurwar hagu ta sama, ka juya ɗan maɓalli fallen ya matsa gida ɗaya, ka leƙa, ka sauke madubi cikin kaurin robar, ka ɗago, ka matsa gida na gaba. In ka kai ƙarshen kunya ka sauko ta ƙasa ka dawo. Ba a tsallake gida. Bayan kowace sa'a ka tashi ka kalli wani abu mai nisa ta taga, in ba haka ba ido ya fara ƙirƙiro maka abin da babu. Ƙarzuwa ba sawu ba ce, a sama take kwance, ba ta da zurfi. Kumfa ba sawu ba ce, zagayayya ce kamar idon kifi. Sawu na gaske yana da baki mai faɗi, kana sauke madubi yana tsukewa, har ya ƙare da tsini kamar ƙaya.

Masu kawo mana aiki iri-iri ne. Akwai ɗalibai masu rubuta kundin digiri, waɗanda suke zuwa saura mako biyu su miƙa, suna neman aikin wata uku. Akwai ma'aikatan lafiya da suke son sanin irin iskar da take fitowa daga ƙasa a cikin ɗakuna da rijiyoyi, sai mu ba su ƙananan yanka a cikin kofuna su rataye, su dawo da su bayan wata uku. Wata rana wani Alhaji daga Dutsen Abba ya shigo da wani baƙin dutse a naɗe cikin hankici, ya rufe ƙofa da kansa, ya rage murya ya ce yuraniyom ne, an kawo masa daga Jos, yana son a tabbatar masa a asirce. Baba Ayuba ya kara masa na'urar da take kuka in ta ji irin su yuraniyom, ba ta ce uffan ba. Alhaji ya ce, "Ko dai batir ɗinta ya yi sanyi?" Baba ya kara ta a jikin ɗan abin gwajinmu, ta hau kuka. Ya sake kara ta a dutsen, shiru. Ya ce, "Alhaji, dutsenka lafiyayye ne. Ka gode wa Allah, da abin da kake fata ne, da mako biyun nan da ka yi kana kwana da shi a ƙarƙashin matashi ba ƙaramin ganganci ka yi ba." Alhaji ya ce, "Wa ya gaya maka a nan nake ajiye shi?" Baba ya ce, "Hankicin yana ƙamshin man gashi."

Babban aikin da na yi a rayuwata ya zo ne bayan Baba Ayuba ya yi ritaya, ɗakin ya dawo hannuna. Dakta Habibu ya samo wata roba ta musamman wadda alfa ba ya yi mata rauni, sai abin da ya fi shi nauyi. Muka shafa toriyom a kan faranti, siriri ƙwarai. Muka rufe shi da fallen alminiyom da bai fi ɓawon albasa kauri ba, domin ya tare ɓangarorin cibiyar da ta tsage biyu, ya bar dunƙule kaɗai ya wuce. Muka ɗora Hassan. A ɗaya ɓangaren akwatin muka sa faranti irinsa wanda ba komai a kansa, da alminiyom irinsa, muka ɗora Husaini. Na kulle, na rubuta a kundi, muka sa hannu mu biyu. Shekara uku akwatin nan yana kusurwar ɗaki bayan tubalan darma. Kowace Litinin in share gefensa, in rubuta zafin ɗaki. Dakta in ya shigo da safe, kafin ya gaishe ni sai ya kalli kusurwar. Nakan ce, "Dakta, tagwaye sun kwana lafiya." Ya ce, "Allah ya raya mana su, Malam Sa'idu."

Shekara ta ukun ita ce mummunar shekara. Taransifomar ɓangarenmu ta ƙone, aka yi watanni ba wuta. Ɗalibai suka daina kawo aiki, kowa ya koma lissafi a kwamfuta, domin ita ko a shagon caji an cika mata ciki. Sai shugaban sashe ya kira Dakta ya ce masa ana neman wurin da za a zuba sababbin kwamfutoci, kuma ɗakinmu shi ne wanda aka daɗe ba a ga abin da ya fito daga cikinsa ba. Ya ba shi zuwa ƙarshen zango. In akwai sakamako, ɗaki ya tsaya. In babu, a kwashe. Saura mako huɗu da 'yan kwanaki. Duba falle ɗaya irin wannan, gida bayan gida, mako uku yake ci.

Muka buɗe akwati. Toriyom ya zauna inda yake a kulle, wannan ba a fita da shi ko da wasa, kada wani ya karanta wannan ya ce Malam Sa'idu ya ce ana kai irinsa gida. Fallayen biyu na kara musu na'ura na tabbatar babu abin da ya manne musu. Amma tukunyar lantarki ba ta aiki ba wuta, kuma dahuwar tana son sa'a shida cur a zafi saba'in, kada ya hau kada ya sauka. Don haka na kawo su nan Tudun Wada, ranar Asabar, da kwalbar soda da ma'aunin zafi.

Matata Rabi ta gan ni ina jawo babbar tukunyarta daga ƙarƙashin gado.

"Malam, lafiya? Tukunyar biki ce fa."

Na ce ruwa kawai zan zuba, sodar tana cikin kwalba, kwalbar za ta zauna cikin ruwan.

"In ta fashe fa?"

"Ba za ta fashe ba."

"Haka ka ce ranar da ka gyara mini fitila."

Na kunna risho da ƙarfe bakwai na safe a tsakar gida, ƙarƙashin rumfa. Cikin rabin sa'a na gane ban iya ba. In na ɗaga lagwani zafi ya wuce, in na sauke ya faɗi. Ban ma kai ga sa fallayen ba. Rabi tana tsaye tana kallona da hannu a ƙugu. Can ta jawo kujera ta ce, "Matsa. Kai dai kalli sandarka ka riƙa faɗa mini, ka bar mini wuta." Ta sauke lagwani, ta ɗora murfi rabi, ta ajiye butar ruwan zafi da kofin ruwan sanyi a gefe. Da zafi ya tsaya na sa tagwayen, na duba agogo. In na ce ya hau, ta ɗan zame murfi. In na ce ya sauka, ta ƙara ruwa daga buta. Sa'a shida sandar nan ba ta kauce fiye da rabin layi ba. Tukunyar lantarki ma ba ta fi haka ba. Wajen sha biyu ta ce, "Shekara ashirin ina dafa maka abinci, ba ka taɓa tsayawa a kan tukunya ka ce sannu ba. Yau roba ta tsayar da kai." Na ce, "Sannu." Ta ce, "Riƙe abarka, ta makara." Na tsame su, na ɗauraye sau uku da tataccen ruwa, na shanya a cikin akwatin da ƙura ba ta shiga, sannan na yi azahar a makare.

Ranar Litinin na fito da tsohon madubin Baba Ayuba, wanda ba ya son lantarki, da hasken taga yake aiki. Na ɗauki hantsaki na kama mai tsaga biyu. Dakta yana tsaye a bayana.

"Malam Sa'idu, fara da Hassan."

"Dakta, Husaini ake fara dubawa."

"Na sani. Amma ka ƙirga kwanakin. In ka ba Husaini mako uku, me ya rage wa Hassan? Za a kwashe mu ba mu ma leƙa abin da muka jira shekara uku ba. In Hassan babu komai, ka ga mun huta da Husaini ke nan."

Maganarsa tana da hanya. Kuma shi ne Dakta, ni ma'aikacin ɗaki ne. Amma ba zan ɗora masa laifin ba. Ni ma ina son in ga abin da yake jikin Hassan. Na mayar da mai tsaga biyu, na ɗauki mai tsaga ɗaya. Wannan shi ne kuskuren, kuma hannuna ne ya yi shi.

Kwana goma sha ɗaya ina huɗa ban ga komai ba sai ƙarzuwa da kumfa. A rana ta goma sha biyu, da hantsi, a kunya ta tsakiya, na matsa gida sai ga shi. Baki mai faɗi, ya shiga a karkace. Na sauke madubi a hankali, yana tsukewa, yana tsukewa, ya ƙare da tsini. Na tashi na kalli bishiyar dalbejiya ta taga, na dawo, yana nan. Na danna kanta. Na rubuta kunya da gida a ɓangaren dama na kundi, na aika aka kira Dakta daga aji. Ya zo da alli a hannu. Ya leƙa ya daɗe. Ya auna tsawon, ya auna bakin, ya jawo takardar lissafinsa ya gwada. Tsawon ya yi kusa da abin da lissafi ya ce dunƙule zai yi. Ya cire tabarau ya ce, "Allahu akbar. Malam Sa'idu, reshe ya faɗo."

Na ce, "Dakta, saura Husaini."

Bai ji ni ba, ya riga ya kai ƙofa. Kafin la'asar shugaban sashe ya zo ya leƙa, ya ba ni hannu, abin da bai taɓa yi ba. Malamai suka zo. Ɗalibai suka yi layi har baranda, kowa ya rufe ido ɗaya ya leƙa ya ce ya gani, har waɗanda na san kumfar gefe suke kallo. Wani ya sayo tsire. Aka ce maganar kwashe ɗaki an dakatar.

Bayan kwana biyu Dakta ya zo da wasiƙar da zai aika wa masana na waje. Yana son hoton shafin kundi a haɗe da ita. Shafin kuwa, dama a cike, hagu fayau, ƙasa ba sa hannu.

"Rubuta babu a hagun, ka sa hannu."

"Ban duba ba, Dakta."

"Shekara nawa kana duba Husaini? Sau nawa ka ga irin wannan a jikinsa?"

"Ban taɓa gani ba."

"To?"

"To waɗancan na duba su. Wannan ban duba shi ba."

Ya ce ni ina son in kashe ɗakin da hannuna. Na ce ɗakin nan na girme shi a ciki. Ya ce taurin kai ba ilimi ba ne. Na ce haka ne, ni ma ban ce ina da ilimi ba, kundi kawai nake da shi. Ya ɗauki wasiƙarsa ya fita, bai rufe ƙofa ba.

Ranar Asabar na hau acaɓa na tafi Wusasa. Na tarar da Baba Ayuba a ƙarƙashin bishiyar gwaiba yana ba kaji dusa, ya rame, amma biro ukun suna aljihu. Na ba shi labari tun daga risho har tsire. Bai yi murna ba, bai kuma katse ni ba. Da na gama ya ce, "Wa ka fara dubawa?"

Na ce, "Hassan."

Ya watsa sauran dusar ya kakkaɓe hannu. "To, ka ci tsiren. Yanzu ka koma ka duba ɗan'uwansa. Kuma ka duba shi kamar za a ba ka kyauta in ka samu. In ka ji idonka yana sauri, ka koma farkon kunya."

Haka na yi. Na ƙarasa Hassan a gurguje, babu na biyu. Na ɗora Husaini. Sau uku a kwanakin nan na kama idona yana gudu, sau uku na koma farkon kunya. A rana ta tara, bayan azahar, ni kaɗai a ɗaki, na matsa gida sai ga baki mai faɗi, a karkace. Na sauke madubi. Yana tsukewa. Ya ƙare da tsini. Na auna, tsawonsa da na jikin Hassan kamar an tsaga kara.

Yatsana yana kan maɓalli. Juyi ɗaya, gidan ya wuce, kuma ba mahalukin da zai sake bin falle gida bayan gida don ya kama ni. Wannan shi ne wurin da sana'ar take, ku da kuke ganin tana da sauƙi. Na ɗauke yatsan, na danna kanta. Na rubuta kunya da gida a ɓangaren hagu, na sa hannu a ƙasa, na tafi ofishin Dakta da kaina.

Ya zo ya leƙa. Wannan karon bai auna ba, ya yarda da awona. Ya zauna a kan kujerar wanki. Ya ce wataƙila wani datti ne a cikin ita kanta robar tun daga inda aka yi ta, wataƙila kuma wani abu ne daga sararin sama ya ratsa su. Ko ma mene ne, abin da ya taɓa su duka biyun ba daga toriyom ya fito ba. Ya fito da wasiƙar daga aljihu, ashe bai aika ba, ya ninke ta huɗu ya mayar.

"Laifina ne, Malam Sa'idu."

"Hannuna ne ya ɗora Hassan, Dakta. Da na bi tsari, da mun san da wannan tun kafin a kira kowa. Da ba a yi layi ba."

Shi ya je ya gaya wa shugaban sashe da bakinsa. Abin da aka riƙa faɗa a baranda bayan haka ba zan rubuta ba. Wasu da suka ci tsiren su suka fi kowa dariya. Da ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Akwai sauran roba da ba daga wancan fallen ba?" Na ce akwai ɗan guntu daga wani kamfani dabam. Ya ce, "Yanka." Na sa reza sabuwa na yanka biyu, tsaga ɗaya, tsaga biyu. Muka ɗora, muka kulle, muka sa hannu.

Ƙarshen zango aka kwashe ɗakin. Aka jera kwamfutoci inda teburin madubi yake, ni aka mayar da ni kula da kayan gwajin 'yan shekarar farko. Akwatin dai aka bar shi a sito bayan darmarsa, ina zuwa ranar Litinin ina rubuta zafi. Dakta ya samu aikin koyarwa a wata ƙasa, ya ce zai dawo hutu mu dafa su. Ya rubuto sau biyu yana tambayar tagwaye. Daga nan sai labarin rasuwarsa. Allah ya jiƙansa. Baba Ayuba ma bai daɗe ba ya bi.

Da lokacin ritayata ya zo, aka ce za a mayar da toriyom ɗin ma'ajiyar da ta dace da shi. Na nemi izini na cire fallayen kafin a tafi da shi. Shekara biyar suka yi a ciki, sun fi na farko daɗewa. Ba wanda ya neme su, sai aka ce in tafi da su. Tukunyar lantarki an yar, madubin Baba Ayuba ban san hannun da ya faɗa ba. Ko da yana nan, yanar ido ta rufe mini na dama, na hagu kuma ba ya kai rabin sa'a.

Suna nan ba a dafa ba, cikin wani gwangwanin alewa, a bayan randa, inda ya fi ko'ina sanyi a gidan nan. Zafi yana warkar da raunin roba a hankali, kowace bazara tana share wani abu daga abin da yake rubuce a jikinsu, in akwai. Ban sani ba ko akwai. Rabi ta ce in na shirya ita a shirye take da rishonta. Na ce dahuwa ba ita ce wahala ba, sa'a shida ce. Abin da babu shi ne mai lafiyar ido da zai zauna mako shida yana matsa gida ɗaya bayan ɗaya, ya yarda kuma cewa a ƙarshe yana iya rubuta babu a dama da hagu. Na naɗe kowanne a takardarsa, na sa Husaini a sama, domin duk wanda ya buɗe gwangwanin, ko ba na nan, shi hantsakinsa zai fara kamawa.